Fatar da Tela Ya Ɗinka wa Mumin

Telan ya ɗaga abin sama da hannu biyu yana girgiza shi don Sabo ya ga aiki. Wai fatar dabba ce. Yadin rufe kujera ne mai ɗige-ɗigen damisa, irin wanda ake aunawa a shagunan bayan unguwar Mansura a Doha, an yanke bakinsa a karkace an bar zare yana reto, aka maƙala masa igiya ta kafaɗa ɗaya. Telan tsoho ne ɗan Indiya. Ya ce shekara talatin yana ɗinka jallabiya da kayan 'yan makaranta a garin nan, ba a taɓa kawo masa aikin da aka ce ya lalata da gangan ba sai wannan. Madam, shugabar su Sabo a wurin aiki, ita ce da bakinta ta hana shi kalmashe gefen, wai mutanen daji ba su san kalmasa ba.

Sabo bai yi dariya ba. Duk wanda ya san Sabo direba kuwa ya san abin ya kai inda ya kai, don mutum ne da ko a zaman makoki sai an riƙa zungurarsa kafin ya yi shiru. Ya karɓi ledar ya ajiye a kujerar baya, kusa da sanduna biyu da aka feƙe na murza wuta, ya tada mota.

Umarnin da shugabarsu Madam Sana ta ba shi da sassafe gajere ne: ya karɓi kaya wurin tela, ya bi ta unguwar Ain Khaled ya ɗauko Mumin daga gidan ma'aikata, ya kai su zauren baje koli kafin sha ɗaya. Yau ake buɗe baje kolin kamfanonin yawon buɗe ido, kuma kamfaninsu, mai kai Larabawa da Turawan Doha ƙasar Yuganda kallon goggon biri, ya kama rumfa. A rumfar nan Mumin zai tsaya kwana uku cikin fatar kujera, duk mai waya ya ɗauki hoto da shi. Bakin Sabo ne kuma ya ja masa.

Ga yadda aka yi. Mumin shi ne mai haɗa shayi da goge tebura a ofis, ɗan gajere, mai sanyin murya, shekararsa huɗu ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Kowa ya san shi a ɗan Kampala, babban birnin Yuganda. Shekaranjiya Sabo ya ɗauko wani ƙaton hoton talla daga maɗaba'a can wajen Asian Town, Mumin ya kama masa suka warware shi a ɗakin ajiya. Wani tsoho ne a tsugune, fata a kafaɗa, yana murza sanda tsakanin tafukansa. A samansa an rubuta da Larabci da Turanci cewa wannan yawon buɗe ido ne na sanin ya kamata, a zo a ziyarci Batwa, mutanen kurmi na asali. Mumin ya saki gefen da yake riƙe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, “Kawuna ne.”

Su Batwa ba su da yawa, ya ce, kowa ya san kowa. A cikin kurmin aka haife shi, a goye aka fito da shi shekarar da hukuma ta ce daga yau dajin na goggon biri ne. Aka kore su ba gona ba fili. Uwarsa ta ƙare rayuwarta tana nome gonar maƙwabta ana biyanta da dankali. Shi wani ɗan kasuwa Musulmi ne ya ɗauke shi aiki a garin Kabale, a can ya musulunta, ya sami suna, ya koyi yadda ake rufe baki. Duk wannan ya faɗa wa Sabo cikin Turancin titi da Larabcin Doha da suke yi a tsakaninsu. Bai ce masa kada ya faɗa wa kowa ba. Bai zaci akwai babban mutum da sai an gaya masa haka ba.

To Sabo Bakatsine ne, kuma Bakatsine in ya ƙaunace ka sai ya san asalinka ya zolaye ka da shi. Haka ya tashi ya gani: Banufe bawansa ne, Bahaɗeje bawansa ne, a zagi kakanni a yi dariya a ci tuwo kwano ɗaya. Shekara huɗu yana neman ta inda zai kama Mumin ya mai da shi abokin wasa bai samu ba, don me mutum zai ce wa ɗan Kampala? Ranar nan ya kwana da murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Jiya da hantsi, a kicin ɗin ofis, ya sake ta. Mumin na zuba shayi, Sabo ya dafa kafaɗarsa ya ce ashe shi ya sa shayin ke ƙaurin hayaƙi, da sanda ake kunna wutar, ga jikan sarkin daji, maƙwabcin goggon biri, kawunsa na can ɗakin ajiya a naɗe. Shi kaɗai ya yi dariya. Tumusiime, ɗan Yugandan da ke kai fasfo ofishin biza, wanda kuma suke kwana ɗaki ɗaya da Mumin, ya sauke kofin da ya kai baki. A bakin ƙofa kuwa ga Madam Sana da kofinta a hannu, idanunta sun yi wal kamar ta tsinci gwal a titi.

Ba gulma ba, matar ba muguwa ba ce. 'Yar Lebanon ce, ta je Yuganda sau biyu, kuma duk wanda ya zauna da ita minti goma sai ta nuna masa hoton da ta ɗauka tana kuka rungume da wata tsohuwa. Ta kira Mumin ofishinta, ta ce Allah ne ya kawo shi, za ta ba mutanensa murya a gaban duniya. Kafin la'asar an aiko tela da tef.

Sabo ya iso Ain Khaled wajen tara da rabi. Gidan ma'aikatan tsohon gida ne babba da aka yayyanka da katako. Mumin na zaune a kan bulo a waje, cikin farar riga da baƙin wando sun sha guga, da wata 'yar leda a cinya. Ya shiga gaba ya yi sallama kamar kullum. Da ya ajiye ledar a ƙasa sai ta yi ƙara, Sabo ya leƙa ya ga kofi ne da faranti da cokali.

Ya tambaye shi ko tashi zai yi. Mumin ya ce a'a, da safe ya same su a kan katakon takalma a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce masa komai. Su shida ne a ɗakin, duk 'yan Yuganda, shekara huɗu suna cin tuwon masara da wake tukunya ɗaya duk Juma'a. Tumusiime mutumin yankinsu ne, cikin manoman da ke zagaye da kurmin, kuma a can haka ake yi: in Batwa ya zo neman ruwa akwai ƙoƙonsa daban a bayan ɗaki, in babu a tsiyaya masa a tafin hannu. Tumusiime ya gaishe shi da safen nan lafiya lau, har ya tambaye shi ko ya yi barci.

Sabo ya kashe mota ya kama marfin ƙofa, wai sai ya shiga ya ji uban da ya fitar da kofin. Mumin ya riƙe masa hannun riga, ya ce ba kowa a ciki, duk sun tafi, kuma lokaci na tafiya.

Suka hau titi. Rana ta fara zafi, gilashin gidaje na walƙiya. Sabo ya fara bayani, kun san maza in sun yi ɓarna, sai su ɗauko tarihi tun daga kakan kaka. Ya ce wallahi a wurinsu wasa ne, girmamawa ce ma, ba a yi wa bare. Ya ba da labarin Zulkiflu, Bahaɗejen da ke gadi a zauren da za su je, yadda yake kiransa bawa a gaban jama'a, shi kuma ya rama, kuma ranar da Sabo ya kwanta asibiti Zulkiflun ne ya yi jinyarsa. Ya yi ta zuba har suka wuce fitilu uku. Mumin na sauraro, hannayensa a kan gwiwa.

“Na yarda wasa ne,” ya ce. “Amma Hajji Sabo, in kun gama wasan, shi yana da Haɗeja, kai kana da Katsina. Kowa ya koma garinsu. Ni ina zan koma?”

Wani mai babbar mota ya danna wa Sabo hon a baya, sai a lokacin ya ga fitila ta ba da hannu.

Can ya ce to ai sai ya ce wa Madam ba zai yi ba, ba dole. Mumin ya ce ba ta ce dole ba, ko kusa. Ta dai tuna masa cikin fara'a cewa kwantiraginsa saura wata biyu, kuma ita ke sa hannu, kuma mutum mai amfani irinsa ba a sakinsa. Ba ma wannan ne ya hana shi barci ba. Matarsa na Kabale da 'ya'ya biyu a makaranta. Ita ta san ko shi wane ne, danginta ba su sani ba, malaman yaran ba su sani ba. Shafin kamfanin nan kuwa duk direbobi da masu masauki na yankinsu suna bin sa a waya, don ta nan suke sanin baƙin da ke tafe. In aka sa hotonsa yau cikin fata, kafin jibi an raba wa 'yarsa benci a aji.

Sabo ya ce ai Tumusiime ma zai iya kai labarin. Mumin ya ce maganar Tumusiime magana ce, ana iya cewa ƙiyayya ce ko kishi. Hoto ba a musunsa.

Sabo ya ratse gaban wani shagon shayi irin wanda ake miƙo wa mutum ta taga, ya yi hon, aka kawo musu karak biyu, shayin madarar nan mai kauri da duk Doha ke sha. Ya kurɓa ya ƙona harshe. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum da zafin shayi. Ya juya ya jawo ledar tela, ya zaro fatar ya kara a ƙirjinsa. Ya ce shi zai sa. Baƙin fata dai baƙin fata ne a idon mutanen nan, wa zai bambance Bakatsine da Batwa? Zai tsuguna don tsawonsa ya ragu, ya murza sandunan, in an yi masa magana ya amsa da Hausa. In hoton ya kai Katsina iyakaci a yi masa dariya a majalisa, dama an saba.

Mumin ya dube shi, dogon mutum da gemu da tabon sallah, rungume da yadin kujera. Ya yi dariya, dariyar farko tun jiya, amma ba ta yi daɗin ji ba.

“Abin da maƙwabtanmu ke yi ke nan,” ya ce. “In baƙi sun yi yawa mu ba mu isa ba, sai su sa fata su yi rawar da sunanmu.”

Sabo ya ninke fatar ya mayar.

Daga nan Mumin ya ɗan saki baki, yana kallon titi. Ya ce shi ba ya ƙin baƙi, da su kawun nasa ke ci. Abin da ke ci masa rai yadda ake kawo su. Mai jagora ya tsaya da mota a bakin 'yan bukkokinsu ba sallama ba sanarwa, ya tafa hannu, tsofaffi su tuɓe rigunansu su yafa fata, a yi rawa, a murza wuta, a nuna yadda ake cire zuma a bishiyar da ba zuma. In an gama mai jagora ya kwashe abin da aka bayar, ya bar musu kwalbar giya da tsofaffin kaya. Akwai wasu 'yan'uwansu da suka haɗa kai, su ke karɓar baƙi da kansu, su faɗi ranar da za a zo da abin da za a ɗauka a hoto da wanda ba za a ɗauka ba. Ya san su, yana da lambar biyu daga ciki. Kamfaninsu bai taɓa kiransu ba.

Sabo ya yi wuf ya ce to ga magana, wannan zai gaya wa Madam, ai abin da take nema ke nan.

“Minti ashirin na yi a ofishinta jiya,” in ji Mumin. “Ba ta tambaye ni abin da na sani ba. Awon kafaɗata ta tambaya.”

Akwai abin da Sabo ya gani tun shekaranjiya bai faɗa ba, yanzu ya kasa riƙe shi. Ya ce ranar da ya je maɗaba'a sai da ya jira, don ba a gama ba. Yana tsaye a bayan mai kwamfuta ya ga ana goge wasu abubuwa daga hoton bisa saƙon Madam: silifas na roba a ƙafar tsohon, da wuyan wata riga da ya leƙo ta ƙarƙashin fata, ja mai duhu da farin gefe. A lokacin abin ya burge shi, yadda ake shafe abu kamar ba a taɓa yinsa ba.

Mumin ya ce rigar ƙwallon Katar ce. Shi ya saya a Asian Town shekarar gasar kofin duniya ya aika wa kawun nasa. Ya ce ashe dai ta isa, don wanda ya ba wa saƙon bai taɓa tabbatar masa ba.

Wayar Sabo ta yi ƙara, Madam ce. Yalla, maza, ta ce, ina suke, masu kyamara sun iso. Ya ce suna hanya. Ya ajiye wayar, bai tada motar ba. Karo na farko tun da aka haife shi, in ji masu saninsa, ya tambayi mutum me yake so a faɗa kafin ya faɗa.

Mumin ya juya kofin takardar a hannunsa. Ya ce abu ɗaya ne ya rage. Kowa a ofis ya san Sabo da shirme. In ya je ya ce ƙarya ya yi, wasa ne irin na garinsu, za a yarda. Sabo ya ce to amma za ta tambaye shi shi ma, a gaban mutane, a gaban hoton. Mumin ya ce ya sani.

A ƙofar zauren Zulkiflu na tsaye cikin kayan gadi. Yana hango su ya washe baki ya ce ga bawansa ya iso, ya zo ya durƙusa ya gaida ubangidansa kafin a bar shi ya shiga. Sabo ya miƙa masa katin shiga ya ce ina kwana. Zulkiflu ya bi shi da kallo, ya tambaya ko rasuwa aka yi a gida.

Cikin zauren sanyi kamar firji. Rumfuna jere, ta masu kai mutane ƙasashen ƙanƙara, ta masu jirgin ruwa, ta masu Umara. Tasu na can ƙarshen layi, an kewaye ta da ganyen roba, an kunna kukan tsuntsaye a lasifika. Hoton tsohon ya cika bango, ya fi mutum biyu tsawo. A gabansa an ajiye wani ɗan kututture, kusa da shi kati mai ɗauke da sunan Mumin. Tumusiime na jera takardun talla a kan tebur, bai ɗago ba, amma kunnuwansa kamar su taso su zo.

Madam Sana ta taho da sauri, takalmanta na ƙwas-ƙwas. Ta ce akwai ɗakin canza kaya a baya, ya bar singileti a ciki saboda dokar wurin, wuta kuma an hana kunnawa, ya dai riƙa murza sandunan. Ta miƙo masa takarda, jawabin da ta rubuta masa da hannunta, minti biyu, yana gode wa baƙi da suka tuna da mutanensa.

Sabo ya shiga tsakaninsu da ledar a hannu. Ya ce Madam, akwai magana. Ya ce abin da ya faɗa jiya ƙarya ce. Mumin ba Batwa ba ne, bai haɗa komai da tsohon ba, shi ne ya ga gajere ya haɗa shi da gajere. A garinsu haka ake wasa, ka laƙa wa abokinka asalin da ba nasa ba don a yi dariya. Bai zaci za a ɗauka da gaske ba, da ya ga an kira tela kuma sai tsoro ya hana shi magana.

Fuskar matar ta yi ja har wuya. Ba ta ɗaga murya ba saboda maƙwabtan rumfa, amma ta wanke shi tas. Ta ce a kamfanin da ke mutunta al'adun mutane ba za ta lamunci wariya ba, Batwa ba abin wasa ba ne, mutane ne masu daraja, ita ta zauna da su ta ci abinci da su. Za ta rubuta masa takardar gargaɗi yau ɗin nan, in ya sake kuma khalas, shi ke nan, ya nemi wani kafil ɗin da zai tsaya masa kan takardar zama. Sabo ya sunkuyar da kai yana cewa na'am Madam, ya yi kuskure Madam. Sai ta juya.

“Mumin, jiya me ya sa ba ka faɗa mini ba? Wannan mutumin ba danginka ba ne?”

Hannun Tumusiime ya tsaya a kan takardu. Mumin ya ɗaga kai ya dubi bangon. Sabo ya so ya kau da ido bai iya ba. Nan kusa, inda aka goge silifas ɗin, ƙafar tsohon ta fito sumul kamar ta jariri.

“Ban san shi ba, Madam,” in ji Mumin. “Ni ɗan Kampala ne. Kunya ce ta hana ni musa miki.”

Ta sauke numfashi. Ta dafa hannunsa ta ba shi haƙuri, ta ce bai kamata a haɗa shi da su ba, mutum mai tsafta da natsuwa irinsa, tun farko ma ita ta ɗan yi shakka. Ta karɓe takardar jawabin ta ninke, ta sa aka ɗauke kututturen da katin. Ta dubi ledar da ke hannun Sabo, ta dubi Sabo daga sama har ƙasa, kamar wani tunani ya gifta mata, sannan ta girgiza kai ta ce ya mayar wa tela ko zai yi matashin kujera da ita. Mumin kuwa tunda ya zo, ya kama butar gahawa da farantin dabino, baƙi sun fara shigowa.

Haka aka yi. Kafin Sabo ya gama tattara kwalayen da zai mayar mota, rumfar ta cika. Mumin na zagayawa da buta a hagu, ƙananan kofuna a dama, yana tsiyayawa kaɗan-kaɗan yadda Larabawa ke so. Ya miƙa wa Tumusiime ɗaya. Tumusiime ya karɓa ya ce na gode ɗan'uwa, ya riƙe shi ɗan lokaci yana kallon Mumin, sannan ya ajiye bayan takardun talla bai sha ba, bai kuma zubar ba.

Wata Baturiya da mijinta suka tsaya gaban hoton. Ta ji ana cewa mai gahawar ɗan Yuganda ne, sai ta tambaye shi ko gaskiya ne mutanen nan har yanzu a cikin kurmi suke zaune, kuma ko suna jin daɗin zuwan baƙi, don ita ba ta son zuwa inda za ta takura wa kowa. Da gaske take tambaya, ana gani a fuskarta. Mumin ya ce shi ma'aikacin shayi ne, ga Madam can za ta yi mata bayani. Ya ƙara mata gahawa.

Sabo ya yi sawu uku zuwa mota. A na ƙarshe ya dawo ɗaukar ledar tela da sandunan. Wani iyali ya gama ɗaukar hoto ya wuce, yaransu sun dangwala hannayen dabino a jikin bangon, daidai inda tsayinsu ya kai. Madam ta nuna wurin da yatsa tana magana a waya. Mumin ya ajiye buta, ya zaro tsumma daga aljihu, ya goge gwiwar tsohon da tafukansa. Sannan ya jawo kujera ya taka, ya kai tsumman kan fuskar, inda hannun yaro bai kai ba kuma babu abin gogewa. A hankali yake yi, goshi, gefen ido, kumatu.

Sabo ya tsaya da leda a hannu. Madam ta rufe bakin wayar da tafinta ta ce masa me yake jira, akwai baƙi a filin jirgi ƙarfe ɗaya. Ya ce yanzu Madam. Da ya kai ƙarshen layin ya waiwaya, Mumin na kan kujerar bai sauko ba.